Daga Zauren Makaranta: Zazzaɓin Da Ya Ƙi Jin Magani

 

Masu karanta wannan shafi sun saba mu yi zancen tarbiyyar yara, ko haƙƙin maƙwabtaka, ko sha'anin jana'iza. Yau kuwa za mu taɓa gonar likitoci, ko da ya ke ba tamu ba ce. Abin da ya ja mu shi ne wani al'amari da ya auku a unguwarmu ta nan Kumasi bara, wanda mu ma da hannunmu a ciki, kuma tun daga ran nan bai bar mu mun sake ba. Mun tambayi waɗanda suka sani, mun karanta abin da ya sawwaƙa, sa'an nan muka ga ya wajaba mu kawo wa jama'a.

Akwai wani bawan Allah mahauci, 'ya'yansa biyu suna karatu a wurinmu. Ba za mu faɗi sunansa ba. Ƙaƙƙarfan mutum ne, shi kaɗai kan ɗaga cinyar sa ya aza a kafaɗa. Bayan Babbar Salla da 'yan makonni sai zazzaɓi ya kama shi. Ba irin mai kayar da mutum nan take ba ne. Da safe garau, ya tafi mayanka. Da la'asar jiki ya ɗau zafi. Da dare gumi ya jiƙa shi sharkaf har sai an sake zanen gado. Ya ce zazzaɓin sauro ne, ya aika kantin magani aka sayo masa, ya sha, abin bai tafi ba. Aka ce ai taifot ne, aka sayo kafso, ya sha kwana biyar, ya ji dama-dama, ya bari. Bayan mako biyu zazzaɓi ya komo. Haka aka yi ta yi har wata huɗu. Mutum ya rame, wando ya yi masa yawa, jama'a suka fara ƙus-ƙus. Wasu suka ce jifa ne daga abokan sana'a, wasu suka ce ciwon nan ne da ba a son faɗin sunansa.

Sai ya zo wurinmu. Muka yi abin da muka gada, muka yi masa addu'a, muka rubuta a allo, aka wanke ya sha. Sau uku yana zuwa, sau uku muna rubutawa. Ba mu yi nadamar addu'a ba ko kaɗan. Abin da mu ke nadama shi ne ba mu ce masa ko sau ɗaya ba, "Ɗan'uwa, in ka tashi daga nan ka zarce asibiti."

Ran nan da asuba yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, baki ya karkace. Aka kwashe shi zuwa babban asibiti. Likita ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya daɗe shiru, ya kira abokin aikinsa shi ma ya saurara. Aka yi masa hoton zuciya, irin wanda a ke ɗauka da amsa-kuwwar sauti, sai ga wani tsiro manne a ƙyauren zuciyarsa yana kaɗawa da kowane bugu. Ashe wata huɗun nan duk abin da ke cinsa ke nan, kuma ɗan ɓarɓashinsa ne ya ɓalle ya bi jini ya toshe wata hanya a ƙwaƙwalwa.

GIDA MAI ƘYAURE HUƊU

Kafin mu ci gaba, bari mu faɗi yadda Ubangiji ya gina zuciya, domin zancen ya fito sarai. Zuciyar mutum ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba. Cikinta ɗaki huɗu ne, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙyaure huɗu masu tsare hanyar jini. Kowane ƙyaure gefe ɗaya ya ke buɗewa. Jini ya tura shi ya wuce, sai ya rufe ruf a bayansa don kada ya komo. Ɓangaren dama na tura jini zuwa huhu ya sha iska, ɓangaren hagu na karɓarsa daga huhu ya watsa shi ko'ina a jiki. Wannan zagaye ta huhu kuwa wani malami Musulmi ne ya fara bayyana shi, watau Ibnun Nafis, haifaffen ƙasar Sham, wanda ya yi aikin likita a Alƙahira har ya rasu a 1288.

Zuciya na bugawa wajen sau 100,000 a yini da dare ɗaya. Ƙarar nan biyu da ka ke ji in ka sa kunne a ƙirjin ɗanka, ƙarar rufewar ƙyamaren nan ce. To ku duba, wane kafinta ne zai yi ƙyauren da za a buɗe a rufe sau 100,000 kullum har shekara saba'in?

Ciwon da mu ke zance a kansa, likitoci suna kiransa endokadaitis, watau ƙwayoyin cuta su kafa sansani a kan ƙyauren zuciya. Ƙwayoyin cuta kan shiga jininmu fiye da yadda mu ke zato. Su kan shiga ta dasashi mai jini, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko maruru, ko miki, ko allura mara tsabta, ko askar da ba a dafa ba. Ga mai lafiyayyar zuciya, dakarun da Allah ya sa a cikin jini kan share su cikin 'yan mintoci, bai ma sani ba. Amma in ƙyaure yana da tsohon tabo, wurin ya yi kaushi, sai ɗan jini ya daskare a kai, ƙwayar ta sami masauki. Ta hayayyafa, jini ya ƙara lulluɓe ta, ta ƙara hayayyafa, har ya zama tsiro. Shi ƙyaure ba shi da isassun jijiyoyin jini nasa na kansa, saboda haka dakarun jiki ba su iya kai mata hari yadda ya kamata. Aikinta irin na gara ne a cikin azara, waje lafiya lau, ciki ya ƙare.

Ɓarnarta iri uku ce. Tana cin ƙyauren har ya huje ko ya kasa rufewa, jini ya riƙa komawa baya, zuciya ta gaji, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya rigingine don haki. Tana ɓallo ɓarɓashi ya bi jini, inda ya maƙale nan ɓarna ta ke, ko ƙwaƙwalwa, ko ƙoda, ko saifa, ko ƙafa. Sa'an nan tana zuba dafi a jini dare da rana, shi ne zazzaɓi da gumin dare da rama. Wani lokaci a kan ga ƙananan alamu a waje: ɗan layin jini ƙarƙashin farce kamar sartse, ko ƙullutu mai zafi a kan yatsa, ko jan tabo mara zafi a tafin hannu ko na ƙafa, ko jini a fitsari.

Wani babban likita, William Osler, ya yi bayanin wannan ciwo filla-filla a gaban likitocin Landan a 1885, amma a zamaninsa wanda ya kamu sai dai a jira kwana. Sai da maganin fenisilin ya samu a shekarun 1940 aka fara warkar da mutane. Har yanzu ba ƙaramin ciwo ba ne. Ko a manyan asibitocin duniya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya fitowa da rai, kuma wajen rabin masu shi sai an yi musu aiki a zuciya. Maganinsa allura ce ta jijiya, kullum, mako huɗu zuwa shida. Kafso na kwana biyar ba ya kashe shi, sai dai ya kwantar da shi.

KWALBAR DA TA ƘI TSIROWA

Yanzu mu koma ga mahaucinmu. Sanin cewa akwai tsiro bai isa ba, sai an san wace ƙwaya ce, gama kowace da maganinta. Yadda a ke ganewa shi ne a ɗebi jinin majiyyaci sau uku, daga wurare dabam-dabam, a zuba a kwalabe masu abincin da ƙwayoyin ke so, a ajiye wuri mai ɗumi kamar na jiki. Watau shuka jini a ke yi, a jira a ga abin da zai tsiro. Wajen takwas cikin goma na masu wannan ciwo, 'yan gida ne ke kawo shi, irin ƙwayoyin da ke zaune a fatarmu da bakinmu da hanjinmu. Waɗannan ba su da wuyar tsirowa, cikin kwana ɗaya ko biyu sun bayyana. Ɗaya daga cikinsu ma, mai suna sitafilokokas, mai kawo maruru, ba ta jiran tabo, tana iya afka wa lafiyayyen ƙyaure ta lalata shi cikin 'yan kwanaki.

Kwalaben mutuminmu kuwa kwana biyar ba abin da ya tsiro. Dalili biyu ke kawo haka. Na farko, kafson da mutum ya sha kafin ya zo asibiti ya kan raunana ƙwayar, ta kasa tsirowa a kwalba alhali tana nan da ranta a zuciya. Na biyu, akwai waɗansu ƙwayoyi baƙi, waɗanda ba safai a kan gan su ba, masu jinkirin tsirowa ko waɗanda ba su tsirowa a kwalba sam. Su sai an neme su da sunansu, ta wani awon jini dabam. Likita kuwa ba zai nemi abin da bai yi zatonsa ba.

Allah ya taimaka wata likita ta zauna bakin gadonsa ta ce, "Baba, mene ne sana'arka?" Ya ce fawa. Ta ce, "Kana taɓa dabba mai ciki, ko wadda ta yi ɓari? Kana shan nonon da ba a dafa ba?" Ƙanensa ya yi dariya ya ce ai tun suna yara ba su san wani abin karin kumallo ba sai fura da nono, kuma in an yanka saniya aka tarar da ɗa a ciki, shi ke fid da shi da hannunsa. Aka sake awo, sai ga amsa. Tambaya biyun nan su suka buɗe abin da wata huɗu na shan magani bai buɗe ba.

BAƘIN DA KE ZUWA DA DABBOBI

Ƙwayar da aka samu sunanta burusela. Ta ci sunan wani likitan sojan Ingila, David Bruce, wanda ya gano ta a tsibirin Malta a 1887, sa'ad da wani zazzaɓi ke kwantar da sojojinsu a can. Sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya gane ashe daga nonon awaki ta ke fitowa. Da aka hana sojoji shan ɗanyen nonon, zazzaɓin ya ja baya ƙwarai. Tana kama shanu da tumaki da awaki da raƙuma, ta sa su ɓari, wani lokaci gwiwar saniya ta kumbura. Fulani makiyaya sun san ta, suna ce mata bakkale. An tabbatar da ita a garkunan shanu a nan Gana da ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu. Tana shiga mutum ta ɗanyen nono, ko ta wani yanka a hannu in ya taɓa jini ko mabiyiya ko ɗan tayin dabba. Zazzaɓinta mai zuwa da komawa ne, da gumin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi. Ba safai ta kan kai ga zuciya ba, bai fi mutum biyu cikin ɗari na masu ita ba. Amma mafi yawan waɗanda burusela ke kashewa, ta ƙyauren zuciya ta ke kashe su. Maganinta iri biyu ko uku a ke haɗawa, a sha watanni, kuma galibi sai an sauya ƙyauren.

Tana da 'yar'uwa a sana'a, mai suna koksiyela. A 1935 wani zazzaɓi ya yi ta kama mahauta a mayankar birnin Birisben na ƙasar Ostareliya. Likitan da aka sa ya bincika, Edward Derrick, bai gane abin da ke kawo shi ba, sai ya laƙaba masa harafin boko Q, farkon kalmar da ke nufin tambaya a Ingilishi. Daga baya aka gano ƙwayar, amma sunan ya zauna, har yau zazzaɓin Kyu a ke cewa. Abin lura shi ne, dabbar da ke ɗauke da ita sau da yawa lafiyarta ƙalau a ido. Ranar haihuwa ta ke zubar da ita, cikin ruwan haihuwa da mabiyiya, kuma tana fita ta nono da kashi da fitsari. In wurin ya bushe, ƙwayar ba ta mutuwa, ta kan yi watanni a cikin ƙura, iska ta kwashe ta, mutum ya shaƙa. 'Yar kaɗan ta isa ta kama mutum. A ƙasar Holan, daga 2007 zuwa 2010, fiye da mutum 4,000 suka kamu daga gidajen kiwon awaki, da yawansu ba su taɓa akuya ba, iska ce ta kai musu har gida. A nan ma ba baƙuwa ba ce. A 2008 an buga wani bincike da aka yi a karkarar Asante, inda aka sami alamarta a jinin ƙananan yara.

Wajen rabin waɗanda ta kama ba su ma sanin sun kamu. Saura su yi zazzaɓi da ciwon kai mako ɗaya ko biyu su warke. Amma ga mai tabo a ƙyauren zuciya, ko wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe, ta kan laɓe ta yi shiru, bayan watanni ko shekaru ta bayyana a zuciya. Ba ta tsirowa a kwalbar asibiti ko kusa. In an gane ta, magani iri biyu a ke sha kullum har wata 18 ko fiye.

Jama'a, ku dubi gidajenmu. Wane gida ne a zango ba shi da akuya ko tunkiya a tsakar gida? Ta haihu nan kusa da madafa, yara su yi ta wasa da ɗan, mabiyiya a jefa bayan katanga ko a bar wa kare, da safe yarinya ta share wurin busasshe, ƙura ta tashi kowa ya shaƙa.

Sauran baƙin za mu ambace su a taƙaice. Akwai batonela, iri biyu. Ɗaya ƙwarƙwatar tufafi ke yaɗa ta, ita ce ta kwantar da sojoji bila adadin a ramukan yaƙin 1914 zuwa 1918, kuma har yau a kan same ta a zuciyar mutanen da suka yi zaman cunkoso ba wanki. Wannan ta shafe mu malamai masu kwana da almajirai. Ɗayar kuwa daga yagar kyanwa mai ƙuma ta ke zuwa. Akwai wata mai shiga ta yanka a hannun masu gyaran kifi da masu aikin nama. Akwai kuma waɗansu 'yan tsiraru masu jinkiri da ke zaune a cikin baki, suna jiran dasashi ya ruɓe.

TABON DAGA INA?

Mai karatu zai ce, to shi wannan ƙato, ina ya sami tabo a zuciya? Da aka tambayi gyatumarsa sai ta tuna cewa yana ɗan shekara goma ya yi ta fama da ciwon maƙogwaro, bayan haka gwiwa ta kumbura, ta saki ta koma idon sawu, ta koma gwiwar hannu. Aka ce sanyi ne, aka shafa man kaɗanya, ya miƙe, aka manta.

Nan gizo ke saƙar. Akwai wata ƙwaya mai kawo ciwon maƙogwaro ga yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. In ba a kashe ta da magani ba, ga waɗansu yara sai dakarun jiki su ruɗe, bayan mako biyu ko uku su juya su afka wa gaɓoɓi da ƙyamaren zuciya. Gaɓoɓi su kan warke sarai, amma ƙyaure ya kan tashi da tabo, kuma kowane komowar ciwon ƙara tabon ya ke yi. Mutum ya girma da shi shekara ashirin ko talatin bai sani ba. Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan tabo a duniya, mafi yawansu a ƙasashen talakawa, har Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2018. A ƙasashen Turai ya kusan ɓacewa. Inda yara ke kwana a cunkushe cikin ɗaki mara iska, nan ya fi yawa. Mu da ke tara yara sittin a zaure ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, wannan yana tari wancan yana shaƙa, ba sai an nuna mu da yatsa ba.

Maganin ciwon maƙogwaron nan kuwa allurar fenisilin ɗaya ce, ko ƙwayoyi na kwana goma. Yaron da ciwon ya riga ya taɓa zuciyarsa, a kan yi masa allura duk mako uku ko huɗu, shekaru da dama, don kada ya komo. Ku gwada kuɗin wannan allura da kuɗin buɗe ƙirji, ku ga inda hikima ta ke.

ABIN DA MU KE ROƘO

Na farko, zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ko wanda ya tafi ya komo bayan an sha maganin sauro, a daina yi masa canki-canki a kantin magani. A tafi asibiti a auna jini. In awon sauro ya nuna babu, a yarda babu, a nemi abin da ke akwai. Kada a haɗiyi kafso kafin a ɗebi jini, gama shi ke ɓatar da sawun ɓarawo. In kuwa an riga an sha, a tafi da kwalin a nuna wa likita.

Na biyu, in ka shiga wurin likita ka faɗi sana'arka ko bai tambaya ba. Mahauci ne kai, ko dillalin dabbobi, ko majemi, ko mai gasa tsire, ko mai kiwo a gida, ko mai sayar da nono ko kifi, ka faɗa. In an taɓa gaya maka akwai wata ƙara a zuciyarka, ko ka yi kumburin gaɓoɓi kana yaro, ka faɗa. Babu kunya a nan. Asibitinmu cike ya ke, likita na da layi har waje, kai ne za ka taimake shi.

Na uku, nono. Ba mu ce a bar fura da nono ba, wa zai iya? A tafasa madara kafin a kwantar da ita, shi ke nan. Tsami shi kaɗai ba abin dogara ba ne, wuta ce ke kashe burusela da koksiyela. Iyayenmu mata masu sayar da fura da burkina su tambayi mai kawo musu nono ko an dafa. Wadda ta ce nata dafaffe ne, ita ya kamata jama'a su riƙa saya wa.

Na huɗu, haihuwar dabba. A keɓe mata wuri nesa da madafa da ɗakin kwana. Mabiyiya da ɗan ɓari a binne su da zurfi, kada a taɓa da hannu tsirara, ko leda ce a sa. A yayyafa ruwa kafin a share. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya su nisanci wurin. Dabbar da ta yi ɓari a kira ma'aikacin dabbobi ya duba ta, kada a yi maza a tura ta kasuwa wani ya kai gidansa. Mahauta kuma mai yanka a hannu ya rufe shi kafin ya shiga aiki. Muna roƙon sarkin fawa da dattawan mayanka su tattauna wannan a zamansu.

Na biyar, baki. Aswaki sunna ne, yanzu ga shi likitoci sun nuna mana cewa tsabtar baki tsaron zuciya ce. Ruɓaɓɓen haƙori a kai shi wurin likitan haƙori, kada a ba mai cirewa a bakin kasuwa. Wanda aka sauya wa ƙyaure, ko wanda ya taɓa yin wannan ciwo, lalle ya faɗa kafin a cire masa haƙori, domin akwai maganin da a ke ba irinsu kafin aikin.

Na shida namu ne, mu malamai. Yaro ya zo yana haɗiyar yawu da ƙyar, jiki da zafi, wuya ya yi kaluluwa, kada a ce lalaci ne, kada kuma a kira wanzami ya yanke beli. A aika wa iyayensa su kai shi asibiti ran nan. Yaron da gaɓoɓinsa ke kumbura daga wannan zuwa wancan, ko mai haki in ya yi ɗan gudu, a sa likita ya saurari ƙirjinsa. A buɗe tagogin zaure. Masu almajirai a gida su duba bakin ɗinkin rigunansu, nan ƙwarƙwata ke ɓuya, a wanke da ruwan zafi a goge da dutsen guga. Sa'an nan, a zango mai ciwo ya kan fara zuwa zauren malam kafin ya je ko'ina. Wannan amana ce. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Mu yi addu'a, mu yi rubutu, amma wanda ya zo da zazzaɓin wata guda kada ya bar zaurenmu sai mun ce masa asibiti, in ya noƙe mu haɗa shi da babban almajiri ya raka shi.

Aikin zuciya kuwa ana yinsa a ƙasar nan. Tun 1964 Likita Charles Easmon ya buɗe zuciyar mutum ya gyara a asibitin Korle Bu da ke Ankara, babban birninmu, kuma a 1989 Likita Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar aikin zuciya a can. Sai dai abu ne mai tsada ƙwarai, kuma gwargwadon jinkirin mutum gwargwadon wuyar aikin. Muna ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, a taro mai zuwa su duba ko za a ware wani kaso daga asusun jana'iza ya zama na awon jini da hoton zuciya ga marasa hali. Mun iya haɗa kuɗin likkafani cikin sa'a guda, to mu gwada haɗa na awo.

Mahaucinmu dai Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Jama'a suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a har sau uku, 'yan'uwansa suka sayar da fili, aka kai shi Ankara aka sa masa ƙyauren ƙarfe. Zai sha maganin hana daskarewar jini iyakar ransa, hannun hagu kuma bai komo daidai ba, saboda haka ya bar wuƙa, yanzu shi ke karɓar kuɗi a teburin ƙanensa. Ƙaramin ɗansa ya gaya wa 'yan makaranta wai babansu agogo ya haɗiye, in dare ya yi tsit ana jin tik-tik a ƙirjinsa. Da muka je gaishe shi muka nemi gafararsa a kan jinkirin da muka taya shi yi. Ya ce ba kome, Malam, amma ku faɗa wa jama'a. To, ga shi mun faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wassalam.